Ranar da Bolibiya Ta Karɓi Ramukan Kuzarta

Ranar 31 ga Oktoba, 1952, Shugaba Víctor Paz Estenssoro ya baro La Paz ya nufi Catavi, wani sansanin masu haƙar kuza da ke can ƙuryar tsaunukan Andes, inda sanyi ke ratsa ƙashi, baƙo kuma ke haki ko yana zaune. A wani fili fetal, gaban dubban leburori, ya sa hannu a dokar da ta mayar da ramukan manyan kamfanonin kuza uku mallakar gwamnati. Da gangan aka zaɓi wurin. Shekara goma kafin nan, ranar 21 ga Disamba, 1942, a nan ne sojoji suka buɗe wuta a kan leburori da matansu da 'ya'yansu da suka fito neman ƙarin albashi. Cikin waɗanda suka faɗi akwai wata mata, María Barzola, wadda ake cewa ita ke riƙe da tutar ƙasa a gaban ayarin, kuma sunanta filin ya ci. Takardar da aka sa wa hannu a ranar, takardar 'yancin tattalin arzikin ƙasa aka kira ta.

Shekara 33 bayan haka, mutumin nan dai, yana da shekara 77 a duniya, ya sa hannu a wata dokar da ta yi sanadin sallamar mafi yawan leburorin da ke cikin ramukan nan. Abin da ya faru tsakanin sa hannun farko da na biyu shi ne labarin da nake so in bayar, don kuza ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya san Bukuru da Barikin Ladi ya san ta, kuma akwai lokacin da kuzar Jos da ta Bolibiya suke haɗuwa a kasuwa ɗaya.

Tun kafin kuza, azurfa ce ta ja hankalin duniya zuwa wannan yanki. A 1545 Turawan Sifaniya suka fara haƙar dutsen Potosí, suka riƙa ɗebo 'yan ƙasa, Kecuwa da Aimara, suna tura su cikin rami a kan tilas. Ƙarni uku da ɗoriya ana kwasar azurfa, har darajarta ta karye a ƙarshen ƙarni na 19. Daidai lokacin ne masana'antun Turai da Amurka suka matsu da kuza, saboda da ita ake shafe gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa, da ita kuma ake liƙin ƙarfe. Jirgin ƙasa daga gaɓar teku ya iso Oruro a 1892. Gaɓar kuwa ba ta Bolibiya ba ce a lokacin, don Cile ta ƙwace ta a yaƙin da aka fara a 1879. Wato tun daga tushe, duk tan ɗaya na kuzar ƙasar sai ya ratsa gidan wani kafin ya ga jirgin ruwa.

Mutum uku ne suka mamaye harkar: Simón Patiño, Mauricio Hochschild da Carlos Víctor Aramayo. Patiño ne giwarsu. Ɗan talakawa ne daga yankin Cochabamba, ya yi akawu a wani kanti a Oruro, ya tattara abin da yake da shi ya zuba a wani ƙaramin rami da ake kira La Salvadora, kusa da Llallagua. A 1900 ma'aikatansa suka dace da jijiyar kuza irin wadda ba a cika samu ba a duniya. Mutumin yana da hangen nesa, wannan ba a ƙwace masa. Ya gane da wuri cewa mai rami bawan mai narkawa ne, sai ya sa hannu a gidan narka kuza na Williams Harvey da ke Liverpool, garin da matasanmu suka fi sani da ƙwallo. A 1924 ya saye kamfanin 'yan Cile da ke maƙwabtaka da shi, ya haɗe dukiyarsa a kamfani ɗaya, ya yi masa rajista a jihar Delaware ta Amurka. Shi kansa ya tare a Turai, har ya zama jakadan ƙasarsa a Faransa. Ya gina ƙasaitaccen gida a Cochabamba wanda bai taɓa zama a ciki ba, ya rasu a Buenos Aires a 1947 yana cikin manyan attajiran duniya.

Su ukun nan suna riƙe da fiye da kashi biyu cikin uku na kuzar ƙasar, kuza kuwa ita ce ke kawo mafi yawan kuɗin waje. Lauyoyinsu su ne ministoci, manyan jaridu nasu ne, gwamnati mai neman bashi ƙofarsu take ƙwanƙwasawa. Talakan Bolibiya ya laƙa wa wannan gungu suna rosca, wato ƙawanya. A cikin ramin kuwa, lebura yana shiga da ƙunshin ganyen koka a kunci don ya kashe yunwa da gajiya, ya wuni yana shaƙar ƙurar dutse, kafin ya cika shekara arba'in huhunsa ya gama aiki. Idan ya mutu, ɗakin da iyalinsa ke ciki na kamfani ne. Matan da aka bari sukan koma kan tulin tsakuwar da aka zubar suna tsintar ragowar kuza da hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1929 ƙasar ta fitar da kimanin tan 47,000, adadin da ba ta sake kaiwa ba har yau. Ina so mai karatu ya riƙe wannan shekara, don tana nuna cewa ganiyar kuzar Bolibiya ta wuce shekara 23 kafin gwamnati ta taɓa ko rami ɗaya. Da kasuwar duniya ta durƙushe, a 1931 aka ƙulla yarjejeniyar rage haƙa don a tallafi farashi, kuma ƙasashe huɗun da suka fara shiga su ne Malaya, Indunusiya da ke hannun Holan, Bolibiya da Nijeriya. Haka kuma a yaƙin duniya na biyu, da Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Ingila da Amurka suka rasa babbar mashayarsu, sai suka juyo kan ragowar. A Arewacin Nijeriya aka riƙa ɗibar dubban manoma aikin tilas zuwa filayen kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944, da yawa sanyin tsauni da yunwa suka kashe su. A Bolibiya aka ƙayyade farashi, aka ce yajin aiki zagon ƙasa ne ga yaƙi. A wannan yanayi aka yi kisan Catavi.

Siyasar da ta kai ga juyin juya hali ta samo asali ne daga wani yaƙin dabam, yaƙin Chaco da Faraguwai, daga 1932 zuwa 1935. Bolibiya ta sha kashi, ta rasa mutum fiye da 50,000. Matasan birni da suka je fagen daga suka ga da idonsu yadda ake tura 'yan ƙauye gaba su mutu saboda ƙasar da ba ta ba su ko ƙuri'a ba. Suka dawo da ɗaci a rai. Daga cikinsu aka samu waɗanda suka kafa jam'iyyar MNR a farkon shekarun 1940, a ƙarƙashin Paz Estenssoro da Hernán Siles Zuazo. A 1944 leburorin rami suka kafa tarayyarsu ta ƙasa a Huanuni, Juan Lechín ya zama jagoranta, a 1946 kuma a Pulacayo suka amince da wata manufa mai zafi da ta yi kira ga ma'aikata su mamaye ramuka su kuma riƙi makami. A zaɓen 1951 Paz ya zo na ɗaya yana gudun hijira a Ajantina. Masu ƙuri'a a lokacin kimanin 200,000 ne a ƙasa mai mutum miliyan 3, don sai wanda ya iya karatu ke zaɓe. Duk da haka shugaba mai barin gado ya gwammace ya miƙa wa soja mulki.

Ranar 9 ga Afrilu, 1952 aka tayar da ƙayar baya a La Paz. Da farko kamar soja za su murƙushe abin. Sai leburorin ramin Milluni suka ɓullo ta El Alto, saman birnin, da nakiyar fasa dutse a hannu, suka datse wa sojoji baya, na Oruro kuma suka hana ɗauki wucewa. Cikin kwana uku rundunar sojan ƙasa ta watse. Abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne: an ba kowane baligi ƙuri'a a watan Yuli, an raba manyan gonaki ga manoma a 1953, an rage soja, an kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta COB, Lechín ya zama ministan ma'adinai da man fetur.

Amma a kan ramuka Paz, wanda ya dawo daga gudun hijira ya hau mulki, ya taka a hankali. Leburori na cewa a ƙwace ba tare da diyya ba, shi kuma yana kallon Amurka, wadda ita ce babbar mai saye, ga ta kuma da tulin kuza a rumbunta da za ta iya sakewa kasuwa ta karya farashi duk ranar da ta ga dama. Sai ya kafa kwamiti, aka ɗauki watanni ana nazari. Ranar 2 ga Oktoba aka kafa kamfanin gwamnati, COMIBOL, a ƙarshen watan aka danƙa masa ramuka 163 na attajiran uku. Matsakaita da ƙananan kamfanoni ba a taɓa su ba. Aka yi alkawarin diyya, aka kuma ba wakilan leburori kujera a hukumar gudanarwa, har da ikon hawa kujerar na ƙi a kan wasu shawarwarin manajoji.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba abin da gwamnati ta karɓa a zahiri. Ta karɓi duwatsun da an riga an tatse. A Catavi, a tsakiyar shekarun 1920, dutsen da ake fitarwa yana ɗauke da kuza fiye da kashi 6 cikin 100. Zuwa lokacin juyin juya hali ya sauko wajen kashi 1. Ma'anar wannan ga lebura ita ce sai ya fasa dutse ninki shida, ya ɗauko, a niƙa, a wanke, kafin a samu abin da ubansa ya samu. Masu kamfanonin sun daɗe da ganin hadari na haɗuwa, tun bayan yaƙin Chaco suka rage zuba jari, suka riƙa cin jijiyoyi masu kyau suna barin neman sababbi. Injuna sun tsufa. Mafi yawan injiniyoyin waje, waɗanda su ne suka san sirrin ƙarƙashin ƙasa, suka tattara nasu ya nasu suka tafi, ƙasar kuwa ba ta horar da isassun nata ba. Ga shi a 1953 yaƙin Koriya ya ƙare, farashin kuza ya faɗi.

Abin da ya fi ciwo shi ne batun narkawa. Bolibiya ba ta da babban gidan narka kuza. Garin dutsen da COMIBOL ke haƙowa sai an loda shi a jirgin ƙasa zuwa tashar ruwan wata ƙasa, a tsallaka teku da shi, yawancinsa zuwa Liverpool, gidan Williams Harvey, wanda iyalan Patiño ke da iko da shi. An kori mutum daga rami, amma shi ke auna kayan, shi ke yanke ladan narkawa. Diyyar ma daga kuɗin cinikin ake cire ta, kuma zuwa farkon shekarun 1960 an biya fiye da dala miliyan 20. Ƙasar da ke roƙon agajin alkama ce ke biyan wannan kuɗi ga mutanen da suka kwashe rabin ƙarni suna fitar da dukiyarta.

Sai kuma laifin gida, wanda bai kamata a ɓoye ba. Yawan ma'aikata ya tashi daga kimanin 29,000 zuwa 36,000 a cikin shekara huɗu. Wasu daga ciki mutanen da aka kora ne a baya saboda yajin aiki, mayar da su adalci ne. Amma da yawa 'yan jam'iyya ne da aka cusa, kuma ofis da farfajiya suka cika, ba rami ba. Kantin kamfani yana sayar da nama, burodi, shinkafa da sukari a tsohon farashi, alhali a waje komai na tashi kullum, har ta kai wasu na ɗibar kayan kanti suna kaiwa kasuwa. Manaja ba ya iya hukunta mai fashin aiki sai ya yi ta ja-in-ja da ƙungiya. Duk wannan ya faru.

Sai dai masu ɗora wa leburori faɗuwar COMIBOL sukan tsallake wani abu da ya fi duk waɗannan nauyi, wato canjin kuɗi. Doka ta tilasta wa kamfanin ya miƙa duk dalar da ya samu ga babban banki a farashin gwamnati, boliviano 190 kowace dala, a daidai lokacin da dala ta kai dubbai a kasuwar bayan fage. Wannan dala mai arha ita gwamnati ke rabawa: wani kaso ga kamfanin man fetur na ƙasa, wani ga buɗe yankin Santa Cruz da ke gabas don noma, wani kuma ga 'yan kasuwa masu uwa a gindin murhu, waɗanda ke samun takardar shigo da kaya su juya ta su yi kuɗi dare ɗaya. A littafin akanta sai a ga COMIBOL na asara. A zahiri ita ce saniyar da kowa ke tatsa, ba mai kai mata ciyawa. Arzikin da Santa Cruz ke taƙama da shi yau, akwai gumin mutanen Llallagua a harsashinsa. Zuwa 1958 kuzar da ƙasar ke fitarwa ta koma wajen rabin ta 1953, ko da yake takunkumin rage fitarwa da aka sa wa ƙasashe masu kuza a shekarar yana da nasa hannun.

Daga nan dangantakar gwamnati da mutanen da suka ɗora ta ta fara tsami. A Disamba 1956 Shugaba Siles, wanda ya gaji Paz, ya aiwatar da shirin tsuke bakin aljihu da wani Ba'amurke, George Jackson Eder, ya tsara. A 1960 Tarayyar Sobiyet ta yi tayin gina wa ƙasar gidan narka kuza, abin da ya tayar wa Amurka hankali, sai ga wani shirin ceto a 1961 daga Amurka, Jamus ta Yamma da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka. Sharaɗinsa a rage ma'aikata, a karya lagon ƙungiya. A 1963 aka soke ikon wakilan leburori. A Nuwamba 1964, bayan Paz ya dawo kan mulki, mataimakinsa Janar René Barrientos ya kifar da maigidansa. A 1965 ya kori Lechín daga ƙasar, ya tura soja suka mamaye sansanoni, ya zabtare albashi.

Daren 23 ga Yuni dare ne na biki a tsaunukan Bolibiya, daren San Juan, wanda suke ɗauka shi ne mafi sanyi a shekara. Kowane gida kan hura wuta a ƙofa, a yi ta hira da wasan wuta har tsakar dare. A 1967 leburori sun shirya babban taro washegari a sansanin haƙa na Siglo XX, ana kuma raɗe-raɗin za su ba da gudummawa ga mayaƙan Che Guevara da ke dajin kudu maso gabas. Da asuba sojoji suka sauko daga tuddai suna harbi, mutane na zaton ƙarar wasan wuta ce. Aƙalla mutum 20 suka mutu, har da mata da yara, aka kame gidan rediyon leburori. Abin da ke damuna a wannan labari shi ne, a 1942 sojoji sun yi harbi don kare dukiyar Patiño. A 1967 ramin na al'umma ne a takarda, kuma al'ummar aka harba.

Gidan narka kuza na Vinto, kusa da Oruro, bai fara aiki ba sai 1971, shekara 19 bayan karɓar ramukan. A Jos an buɗe na Makeri tun farkon shekarun 1960. Shekarun 1970 sun zo da tsadar kuza irin wadda ba a taɓa gani ba, kuma da a ce an yi amfani da damar, nan ne za a sabunta injuna a nemi sababbin jijiyoyi. Gwamnatin Janar Hugo Banzer ta tatsi kamfanin da haraji, ta ciyo bashi a kan sunansa. Aka narka miliyoyin daloli a gidan narka dalma da azurfa na Karachipampa, aka gama shi a tsakiyar shekarun 1980, ya kwashe kusan shekara talatin ba a hura masa wuta ba saboda babu isasshen dutsen da za a ba shi. Leburorin dai su ne ƙashin bayan adawa da mulkin soja. Matan leburori huɗu ne suka fara yajin cin abinci a ƙarshen Disamba 1977, wata matar lebura, Domitila Barrios de Chungara, ta bi sahu, cikin makonni uku mutum fiye da dubu suka shiga, Banzer ya yi wa 'yan siyasa afuwa a kan dole.

Da farar hula suka dawo a 1982, sun tarar da baitulmali wayam. A 1985 hauhawar farashi ta wuce kashi 8,000 cikin 100, abin da COMIBOL ke kashewa wajen haƙo kuza kuma ya zarce abin da take sayarwa nesa ba kusa ba. Paz Estenssoro ya dawo mulki a watan Agusta, ya faɗa wa 'yan ƙasa cewa Bolibiya na mutuwa a hannunsu, ranar 29 ga watan ya fitar da doka mai lamba 21060. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ranar 24 ga Oktoba majalisar kuza ta duniya, wadda ta shekara da shekaru tana sayen rara don riƙe farashi, ta sanar cewa kuɗinta ya ƙare. Kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza. Tan ɗaya da ke sama da fam 8,000 ya koma ƙasa da rabin haka cikin watanni. Brazil ta shigo da kuza mai arhar haƙa, gwangwanin alminiyom da roba kuma sun cinye kasuwar.

Gwamnati ta sallami leburori kimanin 23,000 cikin kusan 30,000. Sunan da ta ba abin shi ne sauya matsuguni, amma ba wanda aka nuna wa wani matsugunin. A Agusta 1986 dubbai suka taso a ƙafa daga Oruro zuwa La Paz, da mata da yara, a abin da suka kira tattakin neman rai. A Calamarca, tafiyar kwana ɗaya ko biyu kafin birnin, suka wayi gari sojoji da tankoki sun kewaye su, jirage na shawagi a sama. Shugabanninsu suka duba, suka ce a koma gida, don kada a maimaita Catavi. Daga nan iyalai suka watsu. Wasu suka tare a El Alto, wasu suka gangara yankin Chapare suka kama noman koka. Sun tafi da iliminsu na shirya taro da yajin aiki, kuma ƙungiyoyin manoman koka da suka goya Evo Morales har ya ci zaɓe a Disamba 2005 sun sha daga wannan rijiya.

Akwai masu kafa hujja da Bolibiya su ce duk abin da gwamnati ta karɓa mutuwa yake yi. Ban yarda da sauƙin wannan magana ba. A Cornwall ta Ingila ramukan kuza na 'yan kasuwa ne, amma faɗuwar 1985 ta durƙusar da su, na ƙarshe ya rufe a 1998. A Jos ba a yi juyin juya hali ba, an dai kafa hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa a 1972, Turawa suka riƙa janyewa, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, kuzar da ke kusa da sama ta ƙare. Abin da ya rage shi ne kududdufan da ke cin mutane da dabbobi, da masu tonon hannu da ramuka ke ruftawa da su. Hukuncina a kan 1952 shi ne karɓar ramukan ta zama dole, don ba ƙasar da za ta iya mulkin kanta alhali mutum uku ne ke riƙe da numfashinta, kuma ƙuri'a da gonar da talaka ya samu ba za su samu ba in da ƙawanyar na nan. Laifin da ba na yafe wa shugabannin MNR da sojojin da suka gaje su shi ne sun shekara talatin suna cin kuɗin rami ba su mayar da abin kirki cikinsa ba, da lissafi ya ƙi fita kuma suka aika wa lebura soja.

Ramukan da COMIBOL ta bari ba su zauna a rufe ba. Tsofaffin leburori da 'ya'yansu sun koma ciki da sunan ƙungiyoyin gama kai, babu albashi, babu injiniya, kowa da abin da guduma ta ba shi, kuma yau su ne mafi rinjayen masu haƙa a ƙasar. A Oktoba 2006 suka gwabza da ma'aikatan albashi a Huanuni a kan dutsen Posokoni, da nakiya, 'yan gari ɗaya, wasu ma 'yan gida ɗaya. Mutum 16 suka mutu. Ranar 31 ga watan, shekara 54 cif bayan sa hannun Catavi, gwamnatin Morales ta mayar da ramin gaba ɗaya hannun COMIBOL, ta ɗauki kimanin mutum 4,000 daga 'yan gama kai aiki a wurin da ma'aikatansa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. A 2007 ta karɓe Vinto daga kamfanin Glencore, a 2012 ta karɓi ramin Colquiri. Muddin kuza na tsada Huanuni na riƙe kansa. Da farashi ya sauka a 2015, ya koma asara.

Wannan darasi ya shafi Nijar. A Yuni 2025 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta sanar da karɓe SOMAÏR, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, wanda a lokacin kamfanin Orano na Faransa yake da kashi 63 cikin 100 a ciki. Nijar ma ba ta da teku, hanyar Kwatano da kayan ke bi ta toshe tun bayan juyin mulkin 2023, kuma garin yuraniyom sai an kai shi wata ƙasa ake ƙarasa sarrafa shi. Na fahimci murnar da aka yi, don mutanen Arlit sun fi shekara hamsin suna shaƙar ƙurar da ke haskaka biranen wasu. Roƙona ga 'yan jarida da shugabannin ƙwadago na Nijar shi ne kada su bari murnar ta rufe musu baki. Su riƙa tambaya kowace shekara, da alƙaluma: wa ke sayen kayan kuma a nawa, ta wace hanya yake fita, 'yan ƙasa nawa aka horar su riƙe aikin, mutum nawa aka ɗauka kuma wa ya kawo su, nawa ne daga cikin kuɗin ya koma cikin rami da asibitin ma'aikata.